Haɗa kan caja kai-tsaye da farantin sola: dabarar tana aiki, amma ba mu goyi bayanta ba



Iyayenmu, shugabanninmu da sauran 'yan'uwa, musamman matasanmu masu rumfunan cajin waya a Agege, Mile 12, Idi-Araba da Alaba Rago, wannan rubutu naku ne. Ya ɗan yi tsawo, a yi mana haƙuri a karanta shi har ƙarshe, domin magana ce da ta shafi dukiyar mutane da ake bari a hannunmu, kuma ta shafi rai.

Kowa ya san yadda sana'ar caji ta koma tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya har ta wuce 1,000. Yaron da ke tayar da ƙaramin janareto tun safe har dare sai ya ga duk abin da ya tara a gidan mai yake ƙarewa. Dole aka fara duban sola. To amma sola cikakkiya ba ƙaramin kuɗi ba ce: ga faranti, ga batir, ga kontirola, ga inbata. Batir da inbata kuwa su ne ke karya mutum.

A nan ne wata dabara ta ɓullo, ta kuma bazu a tsakanin yaranmu. Sai a samu farantan sola biyu ko uku a haɗa su a jere, jar wayar wannan a baƙar wayar wancan, a jawo wayoyi biyun da suka rage zuwa allon soket irin na wutar Nepa, a soka kawunan caja na yau da kullum, waɗanda ake sayarwa a tire a bakin titi. Ba batir, ba inbata, ba kontirola. Rana na fitowa wayoyi su fara shan caji. Wanda ya fara gani yakan ɗauka sihiri ne.

Watan jiya aka kawo mana ƙara a ofis. Allon soket na wani matashi daga cikinmu ya fara hayaƙi da tsakar rana. Ya yi saurin zare fulogi, sai tartsatsi ya biyo hannunsa kamar na mai walda, ya ƙi mutuwa, robar allon ta kama. Allah Ya taimaka wani maƙwabcinsa ya fizge wayar da ta sauko daga rufi, wutar ta tsaya. Wayoyin mutane biyu sun lalace, ɗaya ta ɗan acaba ce, ɗayar ta wata mata Bayarabiya mai sayar da abinci a layin. Sai da dattawa suka zauna aka yi karo-karo aka biya. Ba mu kawo labarin don mu kunyata kowa ba. Mun kawo shi ne saboda da muka tambayi yaron me ya faru, amsarsa ita ce "wallahi wata uku ina yi lafiya lau", kuma gaskiya ya faɗa.

Bari mu fara da ba yaranmu haƙƙinsu: dabarar ba shirme ba ce, akwai ilmi a bayanta. Wutar Nepa da ta janareto ita ake kira AC, wato wuta mai kai-komo, tana juya alkibla sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya. Ta batir da ta farantin sola kuwa DC ce, hanya ɗaya take bi ba ta juyawa. Idan ka duba jikin kan caja za ka ga an rubuta yana karɓar AC daga bolt 100 zuwa 240, yana fitar da DC bolt 5. Amma idan ka fasa shi, abu na farko da wutar ke tararwa shi ne wasu ƙananan dayod guda huɗu, aikinsu su miƙar da wutar ta koma DC, sai kafasita ta tara ta. Wutar Nepa mai bolt 230 idan ta wuce nan takan zama DC ta kusan bolt 325. Daga nan ne taransista ke datsa ta da sauri ƙwarai, ta shiga ɗan ƙaramin taransifoma, ta fito a bolt 5. Ke nan cikin caja dama da DC yake aiki. Idan ka ba shi DC tun daga ƙofa, sai ta bi ta dayod ɗin ta wuce abinta. Shi ya sa yake kamawa.

Shi ya sa kuma ba ya kamawa da batirin mota mai bolt 12, abin da wasu suka gwada suka ce cajar ce ta lalace. Ƙarfin bai kai ya tashe shi ba. Babban faranti irin mai wat 550 da ya cika kasuwa yanzu yana ba da kusan bolt 50 idan ba a ɗora masa kaya ba. Biyu a jere kusan 100, uku kusan 150. A wannan matakin yawancin kawunan caja suna farkawa.

To me ya sa muke cewa a daina, tunda yana aiki?

Babban dalilinmu shi ne tartsatsin nan da ya biyo hannun yaron. Wutar Nepa a ƙasar nan tana juyawa zagaye 50 a daƙiƙa, wato sau 100 a kowace daƙiƙa ƙarfinta yana sauka zuwa sifili kafin ya sake tashi. Idan ka zare fulogi tartsatsi ya tashi, a wannan saukar yake mutuwa da kansa, shi ya sa ba mu ɗauke shi a bakin komai ba. DC ba ta da wannan saukar. Idan tartsatsi ya kama, zai iya ci gaba da ci muddin rana na kan faranti, kuma zafinsa yana narkar da ƙarfe, balle roba. Soket, makunni da bireka da muke saye a kasuwa an ƙera su ne don AC. Akwai na DC daban, an yi musu hanyar kashe tartsatsi, kuma sun fi tsada. Yanzu a duba rumfar caji: wuri ne da ake soka fulogi ana zarewa tun safe har yamma, soket ɗin ma yawanci ya saki, sai an tokare fulogi da tsinke ko takarda. Babu wurin da ya fi wannan rashin dacewa da DC mai ƙarfi.

Wani zai ce ai na sa fis. Madalla, amma a nan ma akwai abin lura. Fis yana tsinkewa ne idan wutar da ta bi ta cikinsa ta zarce ƙimarsa sosai. Batir ko Nepa idan wayoyi suka haɗu, wuta mai yawa ke kwararowa nan take, fis ya ƙone, a huta. Farantin sola ba haka yake ba. Ko an haɗa wayoyinsa biyu kai da kai, abin da zai bayar bai fi abin da yake bayarwa a aikinsa na kullum ba sai da kaɗan. Faranti mai wat 550 wajen amfiya 13 zuwa 14 yake tsayawa. Idan fis ɗinka na amfiya 15 ne, ko fulogin allonka na amfiya 13 ne irin wanda muka saba da shi, wutar za ta iya ci gaba da gudana ba tare da ya tsinke ba. Amfiya 14 a wurin da ya haɗe kuwa ta isa ta cinna wa katako wuta. Kuma ba a kashe rana. Sai dai a hau rufi a lulluɓe farantin, ko a raba wayar, wanda shi kansa wani haɗarin ne.

Sai kuma maganar shi kansa kan cajar. An ƙera shi ne ya sha wuta mai ƙarfi amma kaɗan. Caja mai ba da wat 10, idan cikinta na kan bolt 325, wutar da take ja ba ta kai amfiya 0.05 ba. Idan hadari ya taso ko kaya suka yi wa farantin yawa ƙarfin ya sauka zuwa bolt 60, dole ta ja kusan ninki biyar kafin ta ba da wannan wat 10 ɗin. Ga shi kuma a cikin dayod huɗun nan, biyu ne kaɗai ke ɗaukar nauyin duk yini tunda wutar ba ta juyawa, sauran biyun suna zaune. Caja mai kyau idan ta ga ƙarfi ya yi ƙasa sai ta ɗauke. Ta banza kuwa sai ta yi ta kamawa tana saki, tana zafi. Masu wannan haɗin sun san abin da muke nufi: da gajimare ya gifta sai wayoyi su yi ta ƙara, caji ya shiga, caji ya fita. Mu da ke Legas, inda damina ke daɗewa kuma hadari ke yini a sama, wannan ba abu ne na jefi-jefi ba.

Kada mu manta da irin cajar da ake amfani da ita. Ba wanda ke sayen caja ta asali guda ashirin ya jera a rumfa, masu arha ake saye. Abin da ya raba wayar da ke hannun mutum da wuta mai kisa a cikin caja shi ne tazarar da aka bari tsakanin ɓangaren shiga da na fita, da kuma rufin da ke cikin ɗan taransifoman nan. Masu inganci suna barin tazarar milimita da dama. Na jabu wani lokaci ko milimita ɗaya ba ta kai ba. A ƙarshen 2016 masu kula da ƙa'idojin ciniki a Birtaniya sun bayyana sakamakon gwajin da aka yi wa cajojin jabu 400 da aka kwaikwayi na Apple, uku kacal aka samu da isasshen rufin da zai kare mutum daga jan wuta. Kafin nan, a watan Yulin 2013, wata matashiya ma'aikaciyar jirgin sama a China ta rasu bayan ta ɗauki wayarta tana kan caji, abin da ya sa kamfanin Apple ya buɗe shirin karɓar cajojin da ba nasa ba yana musanya su da na asali a kan rahusa. Wannan duk a kan wutar da aka ƙera cajar dominta ne. Ina ga an ba ta wadda ba tata ba, a rumfar kwano, cikin laimar damina da ƙura?

Akwai masu cewa wutar sola ba ta jan mutum. Wannan magana ta samo asali ne daga batir mai bolt 12, wanda za ka taɓa da hannu ba ka ji komai ba. Farantai uku a jere wani abu ne daban. Ƙa'idar masu aikin lantarki ta duniya ta ɗauki DC da ta haura bolt 120 a matsayin mai haɗari ko da a busasshen wuri ne, idan kuwa hannu na da gumi ko ƙasa na da ruwa, ƙasa da haka ma ta isa.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne soket ɗin kansa ba ya faɗa wa kowa abin da ke cikinsa. Kamanninsa ɗaya da na Nepa. Kai mai rumfa ka sani, amma ƙanenka da ka bar wa wurin ka tafi sallar Azahar bai sani ba. Mai aski na kusa zai zo ya ce a taimaka masa ya soka injin askinsa na minti biyar. Wani zai soka fanka, wani tsohuwar rediyo. Duk na'urar da ke da babban taransifoma ko injin da aka yi don AC, idan ta sha DC sai naɗin wayar cikinta ya zama kamar an haɗa waya da waya, ta yi zafi ta ƙone. Mu kuwa mutane ne da ba mu iya hana maƙwabci abu ba, kuma ba ma fatan mu koya.

Mun san amsar da za a ba mu, don an riga an ba mu ita a zaman da aka yi. Wani daga cikin matasan ya ce: "Ranka ya daɗe, ku da kuke ofis kuna da sauƙin magana. Kuɗin inbata da batir ya fi jarina gaba ɗaya." Ba mu ga laifinsa ba. Da zaɓin biyu ne kawai, ko inbata ko wannan haɗin, da mun yi shiru mun bi shi da addu'a. Amma akwai hanya ta uku, kuma ita ce ma ta fi dacewa da mai caji.

Mai cajin waya ba ya buƙatar inbata ko kaɗan. Ku duba abin da inbata ke yi: ta ɗauki bolt 12 na batir ta ɗaga shi zuwa 230, sannan kan caja ya sake sauko da shi zuwa 5. An hau bene an sauko don a shiga ɗakin da ke ƙasa. A kowace hawa da sauka ana asarar wuta, ga kuma abin da inbatar ke ci don kanta ko ba a soka mata komai ba. Abin da ake buƙata shi ne na'urar da za ta sauko da bolt 12 zuwa 5 kai-tsaye, kuma kowa ya san ta: cajar mota ce, wadda direbobi ke sokawa a gaban mota. Akwai kuma irinta da ake sayarwa a matsayin ɗan allo mai bakin USB biyu ko huɗu, ana samu a wurin masu kayan lantarki a Alaba da Computer Village ta Ikeja. Da yawa daga cikin ƙananan kontirolin sola ma suna zuwa da bakin USB a jikinsu. Masu kyau a cikinsu asararsu kaɗan ce, kuma duk haɗin yana kan bolt 12, wanda ba ya jan mutum.

Ga lissafi, kowa ya gwada da nasa. Batirin waya mai 5,000mAh yana ɗaukar wutar da ta kai wat 19 na awa ɗaya. Waya 50 a yini ke nan kusan wat 950, idan aka ƙara asara a ce 1,200. Faranti mai wat 300 idan ya samu awa huɗu na rana mai kyau zai ba da kusan haka a lissafin takarda, a aikace kuma ya ɗan gaza, don haka mai irin wannan ciniki gara ya ɗan ƙara girman faranti. Batir kuwa ba sai babba ba, tunda yawancin cajin da rana ake yi. Aikinsa shi ne ya riƙe ƙarfin wutar kada ya yi ta hawa da sauka idan gajimare ya gifta, ya kuma ɗauke ka zuwa bayan Magariba. Batir mai bolt 12 da 100Ah yana ɗauke da wat 1,200 na awa ɗaya, amma idan irin na dalma ne, rabinsa ake so a riƙa sha in ana son ya yi ƙarko. Wanda ya riga ya sayi manyan farantai kada ya haɗa su da cajar mota kai-tsaye, bolt 50 zai ƙona ta nan take. Dole su bi ta kontirola, a kuma duba jikinta a ga iya ƙarfin da take karɓa.

Ba za mu ɓoye muku aibin wannan hanya ba. Na farko, tana buƙatar batir da kontirola, kuma kuɗi ne. Na biyu, cajar mota ma akwai ta jabu, idan ta lalace tana iya sakin bolt 12 ɗin gaba ɗaya cikin wayar mutum ta kashe ta. Don haka a sayi 'yar mitar nan ta gwada wuta, a auna kowane baki kafin a soka wayar kowa, ya nuna bolt 5 ko kusa da shi ƙwarai. Na uku, batir idan wayoyinsa suka haɗu yana sakin ɗaruruwan amfiya, saboda haka fis a kusa da kan batir wajibi ne, a nan yana aikinsa yadda ya kamata, kuma a yi amfani da waya mai kauri, ba siririyar nan ta lasifika ba. Amma a auna asarar biyu. A wannan hanya, mafi munin abin da cajar banza za ta jawo shi ne waya ta mutu a biya. A waccan kuwa, ana maganar gobara ne da jan wuta.

Gobara kuma a wurinmu ba kamar ta kowa ba ce, wannan sai mun faɗa wa kanmu gaskiya. Mu baƙi ne a idon wasu ko da an haife mu a nan. Rumfunanmu na katako da leda ne, a manne da na Yarabawa da Ibo da sauran jama'a. Idan wuta ta tashi daga rumfar ɗayanmu ta cinye layi, ba za a ce rumfar wane ba, za a ce Hausawa ne. Ba mu manta da abin da ya faru a kasuwar Shasha ta Ibadan a watan Fabrairun 2021 ba, inda saɓani tsakanin mutane ƙalilan ya zama asarar rayuka da ƙone-ƙonen shaguna. Zaman lafiyar da iyayenmu suka gina da maƙwabta shekara da shekaru bai kamata a jingina shi da kan caja na bakin titi ba. Matar nan mai abinci ta karɓi kuɗin wayarta ta yi godiya, har ta ce a daina maganar. Ba kowa ne zai yi haka ba.

Saboda haka ga abin da muke roƙo. Duk wanda yake da irin wannan haɗin a rumfarsa ko a ɗakinsa, ya raba shi, amma ya bari sai da dare ko da asuba kafin rana ta fito, kada ya taɓa wayoyin faranti da tsakar rana. Wanda ba zai iya rabawa yau ba saboda shi ne abincinsa, to aƙalla kada ya bar wa yaro rumfar, kada ya bari a soka komai in ba kan caja ba, kuma ya ajiye bokitin yashi a kusa, ba ruwa ba.

A namu ɓangaren, za mu gabatar wa shugabanni shawarar a buɗe adashi na masu caji kaɗai, domin a riƙa sayen batir, kontirola da allunan USB a dunƙule, tunda sari ya fi sauƙi kuma ya fi ba da damar a gwada kaya kafin a biya. Muna da 'yan'uwa masu aikin wayarin da masu haɗa sola a cikinmu, biyu daga cikinsu sun riga sun ce za su duba wa mutane haɗinsu kyauta. Wanda yake ganin mun yi kuskure a wani lissafi ko wani bayani, ya zo da hujjarsa, za mu saurara, don a cikin yaran nan akwai waɗanda suka fi mu sanin cikin caja nesa ba kusa ba.

Za a zauna ranar Lahadi mai zuwa bayan sallar La'asar a ofishin ƙungiya. Kowane mai rumfa ya zo da allon soket ɗinsa da kan caja ɗaya daga cikin waɗanda yake aiki da su, za a fasa a gaban kowa a ga abin da ke ciki. Ya kuma ɗauko hoton takardar da ke manne a bayan farantinsa, domin da ita za a san irin kontirolar da ta dace da shi.

Allah Ya tsare mu da dukiyoyinmu da na maƙwabtanmu.

Sakataren ƙungiya